Yadda Za Ka Gane Hannun Siyasa a Cikin Shari'a, Daga Bakin Tsohon Magatakardan Kotu

Shekara talatin da biyar na yi ina ɗawainiya da fayil a kotu. Na fara da akawun da ke cike sammaci, na yi ritaya ina magatakarda. Ban karanta lauya ba, ban taɓa yanke wa kowa hukunci ba, amma da wuya takarda ta isa gaban alƙalin da nake yi wa aiki ba ta bi ta teburina ba. Shi ya sa duk ranar da aka yanke wani hukunci mai zafi, 'yan majalisarmu ta ƙofar gida ni suke jira bayan sallar isha'i, kuma tambayar ba ta sauyawa: "Baba Magatakarda, an saye su ko?"

Amsar da nake ba su ba ta yi musu daɗi. Nakan ce a kawo mini takardar tukuna. Hannun ɗan siyasa yana shiga shari'a, na gani da idona, sai dai ba a ranar yanke hukunci ake kama shi ba. A ranar kowa ya sa rigarsa, an yi Turanci, an watse. Sawun yana cikin takardu: kwanan wata, kotun da aka kai ƙarar, wanda ya biya kuɗin man janareto, da abin da ya sami alƙalin daga baya. Waɗannan kuwa ba sai lauya ke iya dubawa ba.

Kafin ka taɓa kowace takarda, ka fara da zuciyarka. Kowace shari'a sai wani ya fita yana murna wani yana cizon yatsa, kuma tun kakanni ake cewa shari'a saɓanin hankali. Ka tambayi kanka: da naka ne ya ci, ta wannan hanyar dai, za ka ce an yi adalci? In ka ji amsar ta tsaya maka a maƙogwaro, to ka san ɓacin rai ne ke magana. Na ga mutanen da suka kira alƙali waliyyi a watan Satumba suka kira shi ɓarawo a Nuwamba.

Sai ka nemi kwafin hukuncin. Ba abin da lauyan wani ɓangare ya faɗa wa 'yan jarida a bakin ƙofar kotu ba, ba kuma hoton shafi guda da ke yawo a WhatsApp ba. Sashe na 294 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa manyan kotuna su yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan lauyoyi sun rufe jawabinsu, su kuma bai wa masu shari'ar ingantaccen kwafi cikin kwana bakwai. Idan kana cikin shari'ar, haƙƙinka ne. Idan ba ka ciki, ka rubuta wa magatakardan kotun 'yar wasiƙa da lambar shari'ar da sunayen ɓangarorin, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit. Ka duba hatimi da sa hannun jami'in da ya tabbatar da shi, da ranar da ya sa hannun. In an ce maka "ana kan bugawa" har mako uku, ka rubuta ranakun da ka je a bayan rasit ɗinka.

Kada ka raina wannan. Ka tuna shari'ar gwamnan Kano. Ranar 17 ga Nuwamba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin da ya tabbatar da cire Abba Kabir Yusuf, amma da kwafin ya fito sai ga wani sakin layi a ƙarshensa yana cewa akasin haka. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Ni da na yi aikin, na san ana kuskuren rubutu, na kuma san irin wannan ba ƙarami ba ne. Ko ka yarda da bayaninsu ko ba ka yarda ba, da babu wanda ya zauna ya karanta takardar har ƙarshe, da ba a san da maganar ba. Kotun Ƙoli ce ta rufe babin ranar 12 ga Janairu 2024, ta maido masa ƙuri'u 165,663 da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke.

Da takarda ta shigo hannunka, ka ɗauki biro ka jera kwanan wata: ranar da aka shigar da ƙara, ranar da aka miƙa wa wanda ake ƙara sammaci, ranar da aka saurara, ranar da umarni ya fito. A nan nake daɗewa, domin a nan ne aka fi barin sawu. Kotunanmu tafiyar hawainiya suke yi. Na san shari'ar gona da ta cinye mai ƙara da wanda ake ƙara, 'ya'yansu suka gada. Saboda haka in ka ga fayil ya yi fiffike, an shigar da safe umarni ya fito kafin la'asar, ka tambayi wa ya hura masa iska. Ruwa ba ya tsami banza.

Misalin da ba na mantawa shi ne na Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen. A farkon Janairun 2019 wata ƙungiya ta kai ƙorafi kan rashin bayyana kadarorinsa. Cikin 'yan kwanaki an shigar da tuhuma a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, an sa 14 ga wata don gurfanar da shi. Ranar 25 ga Janairu Shugaba Buhari ya dakatar da shi, yana dogaro da wani umarni da kotun ta bayar ba tare da an ji ta bakinsa ba, ana saura makonni kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa wanda ƙararsa a Kotun Ƙoli za ta ƙare. Ba ina ce maka mutumin ba shi da abin amsawa ba. Ina ce maka ka buɗe sashe na 292: shugaban ƙasa ba ya cire Alƙalin Alƙalai sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa. Ka kuma lura cewa ita Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana jingine ne da ɓangaren zartarwa. Wannan lissafin ko ɗan sakandare zai iya yin sa.

Irin wancan umarnin, na jin ɓangare guda, shi ne ƙofar da 'yan siyasa suka fi so. Asalinsa don gaggawa aka yi shi: za a rushe gidanka gobe da asuba, babu lokacin nemo wanda zai rushe. Shi ya sa dokokin kotu suka sa ya zama na 'yan kwanaki, kafin a ji ɗaya ɓangaren. To ka duba naka. Akwai gaggawa ta gaskiya? Wanda aka yi wa umarnin yana garin, an san gidansa da ofishinsa, amma aka ƙi kai masa takarda? Sannan babbar tambaya: umarnin na wucin gadi ya riga ya bai wa mai ƙara duk abin da ya zo nema? In ya ba shi, an gama shari'ar ke nan tun ba a fara ba.

Daga nan ka dubi adireshin kotun. Rikici a wannan jiha, ƙara a wata jiha mai nisan tafiyar yini guda, me ya kai ta can? A watan Agustan 2021, kan kujerar shugaban PDP Uche Secondus, manyan kotunan Ribas da Kebbi da Kuros Riba suka fitar da umarni masu karo da juna cikin mako guda: wannan ta dakatar, waccan ta maido, ta uku ta sake hanawa. Daga baya Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta hana alƙalan uku ƙarin girma na wasu shekaru. Mu Kanawa da maƙwabta mun ga namu a watan Mayun 2024 kan rikicin masarauta, Babbar Kotun Tarayya na cewa gabas, Babbar Kotun Jiha na cewa yamma, 'yan sanda na zaɓar wanda za su bi, har Alƙalin Alƙalai Ariwoola ya kira shugabannin kotunan biyu Abuja.

Abin da za ka bincika a irin wannan shi ne hurumi. Sashe na 251 ya lissafa abubuwan da Babbar Kotun Tarayya ke ji, kamar harajin tarayya, kwastan, bankuna da hukumomin tarayya. Sarauta ba ta ciki. Tun 1989, a shari'ar Sarkin Muri Umaru Abba Tukur da gwamnatin tsohuwar jihar Gongola, Kotun Ƙoli ta ce ba a sa wa rikicin sarauta rigar haƙƙin ɗan Adam don a shigar da shi kotun tarayya. Amma ka yi adalci: kamar yadda mai ƙarfi a Abuja ke jan ƙara zuwa kotun tarayya, haka gwamna ke jin kotun jiha tasa ce. Ka auna su da mudu ɗaya.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ta fi ci mini rai, don ni aka riƙa aika.

Akwai shekarar da na yi wata uku ina zarya da fayil tsakanin kotunmu da wata ma'aikata, ina neman a saki kuɗin gudanarwa. Takardar rubutu ta ƙare, har masu ƙara muke cewa su sayo. Kullum a ce mini fayil yana sama. Ana nan sai wata shari'a da ta shafi wani na kusa da gwamnati ta faɗo gaban ubangidana. A makon kuɗin suka fito, har da ƙari, har wani babba ya kira yana tambayar ko motar mai shari'a tana buƙatar taya. Babu wanda ya ce a yi kaza. Ba a faɗa ai. Ubangidana, Allah ya jiƙansa, ya dube ni ya ce, "Malam, ka mayar musu da maganar tayar, ka ce tawa lafiyarta ƙalau." Ba kowane alƙali ke iya wannan ba, musamman mai 'ya'ya a jami'a.

Sashe na 121 ya ce a miƙa kuɗin ɓangaren shari'a na jiha kai tsaye ga shugabannin kotuna. Gwamnoni sun daɗe suna yi masa kunnen uwar shegu. A 2020 Buhari ya sa hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 10 don tilasta su, gwamnonin suka tafi kotu, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022. A tsakani, ƙungiyar ma'aikatan kotu ta JUSUN ta rufe kotunan ƙasar nan daga 6 ga Afrilu 2021 har fiye da wata biyu, duk a kan wannan. To kai abin da za ka yi, ka nemo kasafin kuɗin jiharka, yawancin jihohi suna sa shi a intanet. Ka ga nawa aka ware wa kotuna, ka nemi rahoton nawa aka saki. Ka kuma buɗe ido duk ranar da ka ga gwamna ko minista a talabijin yana miƙa wa alƙalai mukullan motoci ko na gidaje, ana tafi. Alƙalai sun cancanci gida da mota. Amma in daga kasafinsu abin ya fito, shugaban kotu ne zai raba, ba biki, ba godiya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Bayan hukunci kada ka rufe littafinka, ka bi alƙalin da ido wata shida. A ƙananan kotuna, na majistare da na shari'ar Musulunci, sandar da ake duka da ita canjin wurin aiki ce. Na san wata majistare da ta ba da belin wani yaro da aka kawo kan ya zagi wani babba a Facebook. Laifin na beli ne, babu ja. Kafin wata ya ƙare takardarta ta fito, an tura ta wata ƙaramar hukuma da sai an tsallaka rafi da damina. Babu wanda ya tuhume ta da komai. Amma duk sauran majistarorin garin sun karanta saƙon, wanda aka kawo bayan wannan yaron sai da ya yi makonni a gidan yari ana ɗage zama.

A sama kuwa sandar ta fi kauri. Daren 7 ga Oktoba 2016 jami'an tsaron farin kaya na DSS suka dirar wa gidajen alƙalai a garuruwa da dama, har da na Kotun Ƙoli biyu, Sylvester Ngwuta da Inyang Okoro. Okoro ba a taɓa gurfanar da shi ba, ya koma kujerarsa, kuma shi ne ya karanta hukuncin Kano da na ambata. A Kwara, zamanin Gwamna Bukola Saraki, an cire Babbar Jojin jihar Raliat Elelu-Habeeb a 2009 ta hannun majalisar dokoki, sai a 2012 Kotun Ƙoli ta ce gwamna da majalisa ba su da ikon yin haka ba tare da NJC ta bincika ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga wanda ya fi wannan: da Kotun Tsarin Mulki ta ƙi amincewa da ƙuri'ar raba gardamar tazarce a 2009, Tandja Mamadou rushe kotun ya yi ɗungurungum, ya naɗa wata. Kafin shekara ta zagayo sojoji sun kifar da shi.

Akwai kuma wadda ba ta buƙatar bincike, a fili take: a yanke hukunci gwamnati ta ƙi bi. Sashe na 287 ya ɗora wa kowace hukuma aiwatar da hukuncin kotu. Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya samu beli daga kotuna daban-daban, har kotun ECOWAS ta ce a sake shi a 2016, bai fita ba sai Disambar 2019. A Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45, ba a yi ba. Na san da yawa daga masu karanta wannan ba sa ƙaunar ɗayansu, ko dukansu. Ni ma a majalisarmu an ce mini "ai gara haka". Na ce to, masinjan kotun da aka kora daga ƙofar DSS shi ne dai zai kai takardar belin ɗanka.

Wani lokacin ma ba sai ka wahala ba, su da kansu suke faɗa. A zaman bankwana na Majalisar Dattawa a watan Yunin 2023, Sanata Adamu Bulkachuwa ya miƙe yana nuna cewa ya shiga hurumin matarsa, tsohuwar shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, don taimakon abokan aikinsa, shugaban majalisar na lokacin, Ahmad Lawan, na ƙoƙarin katse shi. Ita ta musanta, shi ma ya ce ba a fahimce shi ba. Bidiyon yana nan, ka kalla ka yi wa kanka alƙalanci.

To ka tara abin da ka tara, ka gamsu akwai lauje cikin naɗi. Sai me?

Ka fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Idan hukuncin ne ba daidai ba, maganinsa ɗaukaka ƙara, kuma agogo na tafiya: daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da ba ta laifi ba, wata uku ne kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kan umarnin tsakiyar shari'a. Na zaɓe ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Idan kuwa halin alƙalin ne, ya gana da ɓangare guda a ɓoye, ya karɓi wani abu, ya ba da umarni a kan maganar da ya san tana gaban wata kotu, wannan ƙorafi ne. Ƙorafi ba ya juya hukunci. Na ga mutum ya zauna jiran amsar NJC har lokacin ɗaukaka ƙararsa ya wuce, ya tashi a tutar babu. In za ka yi duka biyu, ka fara da ɗaukaka ƙara.

Sai ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Alƙalan babbar kotu zuwa sama, da ƙadi-ƙadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, NJC ke ladabtar da su, kuma takardar shugabanta ake rubuta wa, wato Alƙalin Alƙalai, a harabar Kotun Ƙoli da ke Abuja. Majistare da alƙalin kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa kuwa, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiharka ce, wadda Babban Joji ke shugabanta. In lauya ne ya yi yawon kotu-kotu yana neman inda za a ba shi abin da yake so, shi ma akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi.

Ƙa'idojin NJC na 2017 sun ce a kai ƙorafi cikin wata shida da faruwar abin, a rubuce, da cikakken sunanka da adireshinka da sa hannunka, haɗe da takardar rantsuwa da ka yi a kotu cewa abin da ka faɗa gaskiya ne. Takardar da babu suna ko babu rantsuwa kwandon shara take nufa. Rantsuwar nan kuma ba wasa ba ce, ƙarya a cikinta laifi ne da zai iya juyowa kanka. Don haka ka rubuta abin da ka gani da abin da takarda ta nuna kawai. Kada ka ce "kowa ya san yaron gwamna ne". Ka ce ranar kaza aka shigar da ƙara, ranar aka ba da umarni, ga kwafi. Ka ce ofishina yana nan cikin gari, ba a kawo mini sammaci ba. Ga lambar ɗaya shari'ar da ke gaban wata kotu tun watan kaza, kuma an sanar da shi. Shafi biyu ko uku sun isa. Ka cire zagi, ka cire wa'azi. Sannan ka riƙe bakinka: in ka kai takardar gidan rediyo ko ka watsa ta a Facebook kafin a saurare ka, ka ba su hujjar ajiye ta gefe.

Ba zan yi maka alkawarin za ka ga sakamako ba. Ita kanta NJC Alƙalin Alƙalai ne ke zaɓar mafi yawan mambobinta, kuma Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya soki wannan tarin iko a hannun mutum ɗaya a jawabinsa na barin Kotun Ƙoli a Oktobar 2023. Duk da haka tana zama, tana yi wa wasu ritayar dole, tana ba da shawarar korar wasu, kuma ƙorafin da ke jiran alƙali yana iya tsaya masa a hanya ranar da ake duba sunayen ƙarin girma. Idan kai kaɗai ne kuma wanda kake ja da shi mai dogon hannu ne, ka nemi reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku ko wata ƙungiyar kare haƙƙi su tsaya tare da kai, ya fi maka kwanciyar hankali.

Ranar da za ka kai, ka tafi da kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ka tsaya a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu, kada ka yarda da "bar shi a nan, za a duba". In ta kamfanin aika saƙo ka tura, ka adana rasit da lambar bibiya. Idan aka kafa kwamiti za a kira ka ka zo ka kare abin da ka rubuta, alƙalin na zaune da lauyansa, su yi maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Don haka asalin takardunka ka sa su a leda, ka ajiye inda ɗigon damina da gara ba sa kaiwa, ka kuma bar wani kwafin a gidan ɗan'uwan da ka amince da shi.